Ranar da Na Ci Abinci a Bakin Titi

Ƙofar Galadima,
Birnin Zariya.
Talata, 20 ga Agusta, 2024.

Zuwa ga ƙanena Aminu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Su'ad da yara, Ya tsare ku a ƙasar mutane, Ya sa albarka a nemanka. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Damina ta yi kyau bana har ta so ta yi yawa, don katangar bayan gida ta zube a ruwan makon jiya. Ba ta taɓa kowa ba sai randar Batulu, wadda har yau take yi wa makoki kamar 'yar'uwarta ce ta rasu. Ƙanwarmu Hassana ta warke daga ciwon ƙafa, ta koma yawon barka da ta'aziyya. Gwiwoyina suna nan yadda ka bar su, suna sanar da ni hadari kafin gidan rediyo.

Ka san ba na iya magana mai nauyi ta waya, shi ya sa na ɗauki biro. Maganar 'yata Radiya ce. Mahaifiyarta Batulu ta gaya mini ka sake samo mata gurbi a wajen tsohon nan mai abinci da ta yi wa aiki a Osaka lokacin karatunta, ita da mijinta Mustapha, kuma kana jiran amsarta kafin ƙarshen watan gobe. Ban ji haushinka ba. Kai ka kai ta can, kai ka riƙe ta shekara shida, kana da bakin magana. Na kuma san abin da aka faɗa maka, cewa wata tara da ta buɗe shagonta na abincin Japan a bakin titin unguwarmu, ubanta bai taɓa leƙawa ba. Gaskiya ne. Ɗaliban jami'a na Samaru da Kongo suna zuwa jefi-jefi, amma mutanen birni sun ƙaurace, suna cewa abin da uban mai shi ya ƙi ci, wa ya san abin da ke ciki. Ashe zamana a gida ma yana korar mata mutane.

Dalilina biyu ne, ɗaya na faɗa wa mutane, ɗaya na ɓoye. Na farko ka san shi: dattijo ba ya cin abinci a titi. Marigayi Baba ko ruwa bai taɓa sha a kasuwa ba, ni ma na kai saba'in ban taɓa tauna komai a idon masu wucewa ba. Na biyun kuwa kana ƙarami aka yi shi. A shekarar 1982 masaƙar da nake wa aiki ta shirya tura mutum huɗu Japan koyon sarrafa sababbin injuna. Ni na zo na ɗaya a jarrabawar. Na yi fasfo, na sayi kwat mai kauri a gwanjo, na haddace ƙirgensu daga ɗaya zuwa goma, har Inna ta soya mini dambun nama na guzuri. Saura kwana tara sai aka liƙa sabon jerin sunaye, na ga ɗan wani babba a gurbina. Daga baya masaƙar ta mutu, aka sayar da injunan a kilo, Turancina da lissafina suka ƙare a rubuta wa maƙwabta takardun neman aiki. To ka ga Radiya ta je ƙasar da aka hana ni, ta yi digiri a kan noman shinkafa, ta dawo ta ce waina za ta soya. Na ce mata duk abin da ke ƙasar nan ba ta ga na ɗaukowa ba sai ƙarfen suya. Ta sunkuyar da kai. Tun daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Ranar Alhamis da ta wuce aka yi ruwa tun azahar, bai ɗauke ba sai bayan la'asar. Na tambayi abinci, Batulu ta ce ba ta ɗora ba, wai hannunta ke ciwo, wai kuma ai akwai abinci a gari, a hannun wadda na haifa, in ban manta hanya ba. Na ce mata shekara arba'in da aure ban san ta da siyasa ba. Ta ce ita ma ba ta san ni da tsoron kabeji ba. Na ɗauki hulata na fita da niyyar zuwa majalisa in huce.

Aminu, ka daɗe ba ka ga birnin nan bayan ruwa ba. Katangun ƙasa sun yi duhu suna fitar da ƙamshin nan nasu, indararo na ɗiga a hankali, ruwa na bin tsakiyar lungu ɗauke da hoton sama, kai ka ce gajimare kake tsallakewa. Rana ta leƙo ta ƙarƙashin hadari, komai ya yi ruwan zuma, har awakin da suka raɓe a zaure. Ina tafe kamar mai tafiya cikin barci. Na iso majalisar Malam Bahago, inda nake zama kullum, amma ƙafata ba ta tsaya ba. Na ji ya ɗaga murya yana cewa ina zuwa haka Baturen Ƙofar Galadima, ko an kira ni ofis ne bayan shekara talatin. Na ɗaga masa hannu na wuce. Shagon Radiya kuwa daga majalisar ana hango shi sarai.

Tsohon shagon tela ne ta gyara. A ƙofar ta rataya wani guntun labule da aka rina mata da baba, an tsaga shi uku, bai sauko ko ƙirji ba. Sai ka sunkuyar da kai za ka shiga, in ka zauna kuma ya rufe fuskarka ya bar ƙafafunka a titi. Ciki dogon katako ne da kujeru shida a jere, gabansu faffaɗan ƙarfe mai zafi, mai suya na tsaye tana fuskantar masu ci. Mustapha na ganina ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce bari ya duba tukunyar gas, ya fice ta baya, ban sake ganinsa ba. Yaron kirki, ya san ba zan iya kai loma baki surukina na kallo ba. Radiya kuwa ta daskare da abin juya waina a hannu. Da ta dawo hayyacinta ta yi mini sannu da zuwa, ta ce bari ta naɗe mini a kai gida, ko ta shimfiɗa mini tabarma a ɗakin ajiya inda ba mai gani. Na ce a'a, inda mutane ke zama nan zan zauna. Na hau kujerar da ta fi kusa da titi.

Ta yanka kabeji siriri kamar zare, ta goga 'yar doya a cikin ƙullun fulawa, ta fasa ƙwai, ta zuba a kan ƙarfen. Sunan abin okonomiyaki, amma 'yan unguwa wainar Japan suke cewa. Ban taɓa kallon hannun 'yata yana aiki ba sai ranar. Ba gaggawa, ba ɓarna, kowane motsi ya san inda zai tsaya, irin hannun da na sani a wajen tsofaffin masu gyaran inji. Ta juya wainar sau ɗaya tak, ta shafa mata wani baƙin romo mai kauri, sannan ta ɗebo busasshen kifin nan da kake aiko mata, wanda aka fere kamar ɓawon albasa, ta barbaɗa a kai.

Sai kifin ya fara motsi. Wallahi na ja baya, na zaci da rai. Ta ce zafi ne kawai ke kaɗa shi, Baba. Na zuba masa ido yana lanƙwasa yana miƙewa cikin tururi kamar ciyawa a ƙarƙashin ruwa, daga nan ban san inda na tafi ba. Na ga kaina ina ɗan shekara ashirin da takwas, sanye da kwat ɗin gwanjo, ina saukowa daga jirgin ƙasa a wani gari da ake yayyafi. Ga dutsen nan mai farin kai da ke cikin littafin labarin ƙasa na makarantarmu, yana tsaye a ƙarshen titi kamar maƙwabci. Wani mutum ya riƙe kwali da sunana a rubuce, ba kuskure ko na harafi ɗaya, ya rusuna mini. Muka bi wani lungu mai fitilun takarda jajaye, muka sunkuya ƙarƙashin wani labule shuɗi, sai ga wata mace tana suya, ta ɗago kai, ashe Radiya ce. Ɗigar indararo ce ta dawo da ni. Ban san minti nawa na yi ba, ita kuma ba ta katse ni ba.

Ta ba ni tsinkayen nan biyu da kuke ci da su. Na gwada sau uku, abincin na guduna, na ajiye su na wanke hannu na yi bisimilla. Akwai zaƙi, akwai ɗan tsami, akwai hayaƙi, can ƙasa kuma akwai wani ɗanɗano da na ɗauka na teku ne, ko da yake a taswira kawai na san teku. Ta ƙara mini tsiren kaza tsinke biyu da koren shayi ba sukari. Shayin da ɗaci, na ce mata wannan kam don ni aka yi shi.

Da na ci kashi uku cikin huɗu na wainar sai na ture farantin na yi hamdala, yadda na saba tun da na zama magidanci. Sai na ga fuskarta ta canza. Ta tambaye ni a hankali ko bai yi ba ne, ko gishiri ya yi yawa. Ta ce tsohon da ya koya mata ba ya tambayar kowa ko abinci ya yi daɗi, faranti yake dubawa in ya dawo, kuma wanda ya dawo da saura to mai suya ya faɗi. Aminu, sai a lokacin na gane. Shekara shida a can sun sa 'yata ta manta abin da sauran kwanon uba yake nufi. Na ce mata, ke Auta, yaushe kika ga uba ya sharɓe kwano 'yarsa na tsaye a kansa? Ta dubi farantin. Sai ta yi dariya, dariyar ta koma hawaye, ta jawo shi gabanta, ta ture tsinkayen gefe, ta cinye da hannu a tsaye, kamar yadda take yi tana ƙarama in sun yi layi a ƙofar turakata ita da yayyenta.

Da na fito, na koma majalisa. Malam Bahago ya ce ba sai na ɓoye ba, tun daga nan ya shaida takalmana a ƙarƙashin labule, kuma in ban sani ba in sani, malamai sun ce mai cin abinci a kasuwa ba a karɓar shaidarsa. Na ce masa shekara ashirin ke nan ba wanda ya nemi shaidata a kan ko akuya. Aka yi dariya, amma ba kowa ba. Da na tashi tafiya ya biyo ni ya rage murya, ya tambaya ko da gaske ba a sa giya ko wani abu. Na ce kajin daga hannun mahaucin da shi ma yake saya suke. Ya ce to akwai yaji kuwa? Har yau dai bai je ba. Washegari Juma'a an ɗaura aure a unguwa, ba wanda ya ce in matso tabarmar gaba inda na saba zama. Na zaci ba zai dame ni ba. Ya dame ni ƙwarai, kuma bayan la'asar na koma shagon.

Jiya na tambaye ta zancen tafiyar. Ta ce ba ta yanke shawara ba, ta gaji, kuma kwana biyar ba su isa ta gane ko birnin nan zai karɓe ta ba. Ban yi mata musu ba, don ni na ɓata wata tara. Abin da nake roƙonka, ka ba tsohon nan haƙuri ya jira zuwa ƙarshen shekara, kai ma kada ka matsa mata ta kowane ɓangare. In ta zaɓi tafiya, ni da kaina zan raka ta filin jirgi in sa mata albarka, ba zan tare wa kowa hanyar ƙasar nan ba. Kafin nan dai kullum bayan la'asar ina kan kujerar bakin titi, kowa ya ga takalmana.

Ka gaishe mini da Su'ad da kyau, da Nabil, da Salma, ka ce musu Baffansu na tambayar ko Hausarsu na nan. Batulu da Hassana suna gaishe ku, Mustapha ma ya ce a miƙa gaisuwarsa. Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya sada mu da alheri.

Sai abu ɗaya. Kifin nan mai motsi ya kusa ƙarewa a shagon, na leƙa gwangwanin da idona. In ka sami mai zuwa gida ka aiko da shi da yawa, wanda zai kai shekara. Ban gaya mata na roƙe ka ba.

Ni ne yayanka,
Lawal Sani