Manoman da Manhaja Ta Haɗiye

Kankia, 3 ga Mayu

Zuwa ga taubashina Zainul Abidin, sakataren ƙungiyar manoman Kusada,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da iyali, da tumbinka.

Manhajar rajistar manomanku ta kammala, sai ku raba irin geronku hankali kwance. Masu ɗaukar nauyin aikin kuwa sun turo mana koci, sai ka ce ƙwallo muke bugawa. Basira sunanta, ni na koya mata lissafi a sakandare. Wai duk abin da ɗayanmu ya rubuta, sai wani ya karanta ya nemo kuskure, har da nawa. Ta zaunar da Rauda, ƙaramar cikinmu mu biyar, a gaban aikina. Baiwar Allah ta yi ta kallon ƙasa har ta ba ni tausayi. Na ce wa koci nan garin ƙarami ba ya gyara wa babba a bainar jama'a. Na yi mata godiya, na sallame ta, na raka ta tasha da ƙafata.

Ka huta lafiya.
Bishir

Kusada, 12 ga Yuni

Bishir,

Wa alaikumus salam. Yau ba wasa tsakaninmu.

Jiya muka raba iri a Yashe. Mutum goma sha tara suka tsaya a rana tun hantsi, waya ta ce sun riga sun karɓa. Cikinsu har da Baba Manu, wanda ya girmi mahaifina. Na yarda da na'urarka, na ce masa a gaban jama'a kada ya yi mana wayo. Ya dube ni ya ce, "Zainu, ni?" Ya saɓa buhunsa babu komai ya tafi.

Ruwa ya zauna, kowa na shuka. Shugaba ya ce sauran irin ba zai fita daga sito ba sai sunayensu sun fito. Me ka rubuta a ciki?

Wassalam.
Zainul Abidin

Kankia, 14 ga Yuni

Ɗan'uwa,

Assalamu alaikum. Ban san da wace fuska zan gaishe ka ba.

Ni na rubuta cewa in suna da ranar haihuwa suka zo ɗaya, to mutum ɗaya ne. Ka kuwa san duk dattijon da bai san ranarsa ba, ɗaya ga Janairu ake rubuta masa. Manu Abdurrahim uku ne a Yashe, duk an ba su shekarar haihuwa ɗaya. Takardar mahaifina ma ɗaya ga Janairu ce, amma karatuna bai tuna mini ba.

Ga abin da ya fi ƙona ni. Ina sanar da abokan aikina a ofis, Rauda ta buɗe jaka ta miƙo mini takarda, ta ce, "Malam, tun ranar da koci ta zaunar da ni na gani. Na rubuta, na rasa ta inda zan ba ka." Mako shida tana yawo da ita. Sauran ukun ma sun sani.

Cikin awa guda ta gyara. Ga sunayen nan, a fitar musu da iri yau, don Allah. Ranar Juma'a zan zo mu je gidan Baba Manu, ni zan fara durƙusawa.

Na rubuta wa Basira. Sai da na yaga takarda uku.

Ka yafe mini.
Bishir

Katsina, 17 ga Yuni

Malam,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa da ladabi. Na ga wasiƙarka, zan dawo Litinin in sha Allahu.

Ba rubuta manhaja zan koya muku ba, ka fi ni sani. Kafin in iso, ka tara su huɗun ka tambaye su me kuma suka gani suka yi shiru. Kada ka ba kowa amsa, ka rubuta kawai. Ka tanadi takarda da ɗan yawa.

Allah ya ƙara girma.
Ɗalibarka,
Basira