Shaidar da Dogo Ya Ba Ni

Litinin, 3 ga Maris

Wata huɗu ba aiki. Na buɗe shafin intanet ɗin nan na ma'aikata, inda mutane ke danna maka shaidar abin da ka iya. Sabuwa ta shigo: gyaran lifta, na'urar hawa bene. Ni? Ni da sito kawai na tsare a kamfanin lifta, shekara tara ina miƙa wa makanikai kaya ta taga.

Dogo ne ya danna. Babban makanikinmu. Dogo da ciwon ƙirji ya kashe, muka binne bara.

Laraba, 5 ga Maris

Masu danna min sun kai talatin da ɗaya. Haka muka saba a tsohon ofis, ka danna min in danna maka, ba mai tambaya. Da suka ga sunan Dogo sai suka bi kamar tumaki.

Asabar, 8 ga Maris

Na kira matar Dogo. Ta ce, "Wayarsa tana durowa, ƙanina, ko caji ban taɓa sa mata ba." Na yi mata sallama. Wallahi na tsorata.

Talata, 11 ga Maris

Wani kamfani ya kira, suna son gwada ni jibi. Maiɗakina ta ce, "Baban yara, ka gaya musu gaskiya. Mutane fa za su shiga abin nan." Na ce to. Ta dubi tukunya, ta dube ni.

Alhamis, 13 ga Maris

Na je da niyyar faɗar gaskiya. Aka kai ni ɗakin inji a hawa na goma sha biyu, ga warin giris. Kafin in buɗe baki hannuna ya ɗauki sifana. Na hagu, ni kuwa ba bahago ba ne. Dogo ne bahago. Minti ashirin birki ya daidaita. Injiniya ya ce, "Wa ya koya maka?" Na yi murmushi kawai.

Juma'a, 14 ga Maris

Ban tuna abin da na ɗaure ba.

Litinin, 7 ga Afrilu

Aiki lafiya lau. Yara sun koma makaranta. Tun jiya ƙirjina ke ɗan nauyi, ba komai ba ne, matakala ce.

Mai tsaron sitonmu mutumin kirki ne, 'ya'yansa uku, bai taɓa riƙe sifana ba. Da rana na ga na danna masa gyaran lifta. Na so in goge.

Ban goge ba.