Fitilar da Ta Ƙi Kamawa

Bekasi, farkon Azumi.

Zuwa ga maigidana Uda Darwis,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na jirgi. Yaya ibada a tsakiyar teku? Ciwon ƙafar nan ya lafa? Mu nan lafiya lau, yaranka Ilham da Desi suna gaishe ka. Fankar shago da ka naɗe wa waya da salatif har yau tana juyawa, Allah ya yi wa hannunka albarka.

Mota ta iso. Kawunka Mamak Rusli ne ya tuƙo ta har ƙofar shagon abincina, yana danna hon kamar ya kawo amarya. Fara ce sol, ba ka cewa ta hannu ce. Desi ta ce bana ba za ta yi amai a bas ba. Ni ma na yi murna, don na san abin da ke ranka. Shekara nawa kana shiga gidan mahaifiyata Amak da jaka a kafaɗa ranar jajiberin Sallah, yayyena da motocinsu jere suna tambayarka ko bas bai makara ba? Miji baƙo ne a gidan dangin matarsa, kuma ba su taɓa bari ka manta ba.

Amma Uda, hancina ya ƙi yarda. Ƙarƙashin kowace kujera an cusa ganyen pandan mai ƙamshi da garin kofi. Mai girki ta sani, ba a cika yaji haka sai nama ya fara juyawa. Na ɗaga kafet na shinshina, wallahi warin da shagonmu ya yi ne bayan ambaliyar bara. Na tambayi Mamak daga ina motar ta fito. Ya ce ta wata likita ce, daga gida sai asibiti. Na ce asibitin a cikin kogi yake? Ya ɓata rai ya ce, "Yus, da dafa naman rendang aka san ki, ba da mota ba."

Da ka samu ganinta kafin ka tafi da hankalina ya kwanta, amma ka ce lokaci ya ƙure ka bar wa Mamak komai. To, Allah ya sa alheri.

Taka har kullum,
Yusnidar.

Bekasi, tsakiyar Azumi.

Uda Darwis,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya aiki? Wasiƙarka ta iso ta hannun wakilin kamfani, na karanta ta har sau biyu. Yara lafiya, sai Ilham da ɗan tari, ya ma samu sauƙi.

Ka ce kada in wahalar da kaina da zuwa gareji, in yarda da Mamak. Kai ne kuwa? Kai da ba ka kwanciya sai ka duba tukunyar gas ka sake dubawa? Na ce ko kunyar kawunka ce ta rufe maka baki.

Bari ka ji abin da ya faru. Maƙwabciyarmu Bu Tatik ta rage min hanya zuwa kasuwa, motarta irin tamu ce sak. Da ta murɗa makulli sai fitilu suka kama a gabanta, ja da rawaya, sannan suka mutu. A cikinsu akwai wata zagayayya mai rubutun ABS. Ta ce wannan ta birki ce, ita ke hana tayoyi ƙamewa idan an taka birki a kan santsi. Dole ta kama in an kunna mota, don ta nuna tana raye, sannan ta mutu. In ta zauna a kunne, akwai matsala. Ina dawowa na murɗa makullin tamu. Duk suka kama, ban da ita. Wurinta baƙi ƙirin.

Na faɗa wa Mamak. Ya yi dariya ya ce, "Fitila ta kama a yi kuka, ta ƙi kamawa a yi kuka, me kuke so ne ku mata?" Amma bai kalle ni ba, makulli yake ta juyawa a hannu. Biri ya yi kama da mutum, Uda.

Shekaranjiya kuma ana ruwa, Mamak na tuƙi, mai babur ya gitta mana. Ya taka birki, motar ta zame kamar an ɗora ta kan sabulu, saura ƙiris mu hau mai sayar da kwakwa. A kan shimfiɗaɗɗen titi ke nan fa. To ina ga gangaren Sitinjau Lauik, inda manyan motoci ke rarrafe, ga kwana ga rami ga ruwan sama? Ta nan za mu bi da Ilham da Desi kafin mu ɗauke ka a Padang.

Abu ɗaya ya ɗaure min kai. Mamak ya ce da matarsa da jikarsa zai yi tafiyar. In ya san an cuce mu, zai saka jikarsa a ciki? In bai sani ba, me yake ɓoyewa? Ruwa dai ba ya tsami banza. Na san ba a yi wa kawun miji gardama, amma 'ya'yan nan ni na haife su.

Ka yi mana addu'a.
Matarka,
Yusnidar.

Bekasi, goman ƙarshe.

Uda,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Mu ma lafiya, alhamdulillahi, kuma ina so mu ci gaba da zama lafiya.

Na saɓa maka, na kai motar garejin Koh Aseng. Ya jona mata kwamfuta, ya leƙa ƙasa, ya fito da laka busasshiya a tafin hannu. Ya ce motar ta kwana cikin ambaliya. Na'urar da ke sarrafa birkin ta sha ruwa ta mutu, wayoyin tayoyi sun yi tsatsa, man birkin ma ya gauraya da ruwa. A busasshen titi za ta tsaya, a gangare mai tsawo in birki ya yi zafi, sai yadda Allah ya yi. Kayan gyara kuma ba za su iso kafin Sallah ba.

Na ce to me ya hana fitilar nuna duk wannan? Ya kwance gilashin gaban sitiyari ya ce in leƙa. Fitilar tana nan a kunne, Uda, rawaya tar. An lulluɓe ta ne da baƙin salatif.

Koh Aseng ya ɓare shi ya miƙo min yana zagin dillalai. Ni kuwa na kasa taya shi. An yanka salatif ɗin daidai, an naɗe bakinsa ɗan kaɗan don ya yi sauƙin ɓarewa wata rana. Dillali ba ya tunanin ranar ɓarewa. Mutum ɗaya na sani mai wannan naɗin, aikinsa yana kan fankar shagona.

Na je gidan Mamak na ajiye masa salatif ɗin a kan tebur. Tsohon nan da na yi ta zargi a raina har ina ƙin gaishe shi da kyau, sai ya sunkuyar da kai. Ya ce tare kuka je ganin motar ana gobe za ka tafi. Kuka ga fitilar a kunne, dillalin ya ce ƙaramar matsala ce, kai kuma ka ce, "A rufe ta, in Yus ta gani za ta tayar wa kowa da hankali. Bayan Sallah na gyara." Shi ya yarda da kai ne don kai ne mai gyaran wutar jirgi. Da na faɗa masa abin da aka gano, sai ya kira jikarsa ya rungume ta.

Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Na san ba da mugunta ka yi ba. Ka so ne sau ɗaya ka shiga gidan Amak kana riƙe da sitiyari. Amma ka auna dariyar yayyena da wuyan Desi, ka ga dariyar ta fi nauyi. Ka san zan tayar da hankali, shi ya sa ka rufe min ido, alhali wannan tashin hankalin nawa shi ne aikin da fitilar take yi.

Mota tana gareji. Na yankar mana tikitin bas, har da Mamak da iyalinsa. Ka jira mu a Padang da jakarka. Da ƙafa za mu shiga gidan Amak kamar kullum, kuma duk wanda ya tambaye ka ko bas bai makara ba, ni zan ba shi amsa.

Desi ta ce ka sayo mata maganin amai. Salatif ɗinka kuma yana cikin ambulan ɗin nan, ka duba bakinsa.

Uwar 'ya'yanka,
Yusnidar.