Kofi a Kan Talabijin

'Yata,

Bayan gaisuwa, da fatan aiki da sauƙi. Takarda na rubuto, don in na kira ki a waya sai mamanki ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara labulen da bai karkace ba.

Yau kwana tara rabonta da maganin hawan jini. Akwai wani malami a talabijin, kullum ƙarfe huɗu, da ke cewa a ɗora kofin ruwa a kan akwatin kafin ya fara addu'a, in ya shafa a shanye. Ta ce ruwan ya ishe ta. Ni kuwa lokacin ne tashar kimiyya ke nuna taurari, shi ya sa rimot ya fi kowa shan wahala a gidan nan. Ba wai nawa mutumin, mai gabatar da shirin, waliyyi ba ne. Watan jiya ya ce ƙwai na kisa, wannan watan ya ce a ci biyu. Amma dai bai taɓa hana ni magani ba.

Na kasa zaune, na kasa tsaye. Me za a yi?

Allah ya yi miki albarka.
Babanki

Baba,

Ina gaishe ku. Shekara goma ina aikin jinya, a ce uwata ce ke shan ruwan talabijin? Ga sabuwar talabijin nan na aiko, irin ta bango, kaurinta bai kai yatsa biyu ba. Mu ga inda za a ɗora kofi. A daure a sa Mama ta kalli shirin kimiyya ko sau ɗaya. In ba ta koma magani ba, zan ajiye aiki in taho.

Ku huta lafiya.
'Yarka

'Yata,

Gaisuwa mai yawa. Talabijin ta iso, an gode. Washegari mamanki ta kira kafinta ya kafa katako a samanta. Yanzu jug take ɗorawa.

Na zaunar da ita gaban shirin kimiyya. Mutumin ya ce rana za ta mutu nan da shekara biliyan biyar. Ta dube ni ta ce, "Malam, shi zai zo jana'izar?"

Dariya na yi, amma shekaranjiya jiri ya kwashe ta a kicin, ta dafa firji har na kawo kujera. Ƙarfe huɗu saura kaɗan na ɗauko kwalin maganin, na ɗora kusa da jug ɗin. Ta ce me nake yi. Na ce malamin ruwa kawai ya iya, ko addu'arsa ba ta ratsa kwali? Ta ce kada in raina mata malami. Da ya shafa, ta ɓallo ƙwaya ɗaya ta kora da ruwan, tana hararata.

Kada ki ajiye aiki tukuna.

Babanki

'Yata,

A gaishe ki. An auna jiya, jinin ya sauka. Mamanki ta buga wa shirin malamin waya ta ba da shaida, shi kuwa ya karɓi godiya kamar shi ya buɗe asibiti. Ban ce uffan ba. Ke ma kada ki ce.

In ta gaya miki ta ga man shafawar gwiwata a kan katakon, wurin ajiya kawai na rasa.

Ki gaida maigidanki.
Babanki