Baba yana tuƙa kamiyo da idanuna

Daga admin: Wata 'yar'uwa ce daga Diffa ta turo, ta roƙa a ɓoye sunanta. Mai shawara ya bayar cikin ladabi.

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta damuwar mutane a nan ban taɓa cewa komi ba, yau abin ya zo kaina. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun, ko a makaranta an san ban iya gajarta magana ba.

Ni budurwa ce, ina karatu a Damagaram, gidanmu yana Diffa. Asalinmu mutanen Geskeru ne, can bakin Komadugu inda kakana ya bar mana gonar tattasai, amma tun da rashin tsaro ya tashe mu muka dawo cikin gari, gonar sai a labari. Abin da ya rage mana shi ne tuƙin Baba. Direban kamiyo ne, babbar motar kaya, tun kafin a haife ni yake ɗaukar busasshen tattasai daga Diffa zuwa Damagaram, ya dawo da siminti ko shinkafa ko abin da ya samu. Motar ba tasa ba ce, ta wani Alhaji ce da suka taso tare. A tasha idan sabon direba ya yi ganganci da sunan Baba ake yi masa faɗa, a ce je ka ga yadda wane yake riƙe sitiyari. Ko akuya bai taɓa takawa ba, kuma wannan shi ne abin alfaharinsa a duniya.

Da aka ba mu bakansi, wato hutun makaranta, bana, Baba ya zo ɗaukata da kansa, ya ce in bar bas, in shiga gaban mota mu taho tare. Na yi mamaki, domin Baba ba mai hira ba ne, kuma ya sha yi mini dariya a kan rubuce-rubucena, yana ce mini Malama mai kallon sama. Muna fita gari sai ya ce, "To Malama, yau ga ranarki. Duk abin da kika gani a hanya faɗa mini, in ji ko kuɗin makarantar nan suna aiki." Wallahi sai da na ji ƙwalla. Na ɗauka Baba ya fara son maganata ne. Na dage ina ba shi labarin duk abin da ya wuce ta tagata, raƙuma da ke tafiya kamar ba su da inda za su, goruba a cikin kwari, tudun yashi wajen Gudumariya da ruwan sama ya yayyafa masa kore kamar an yi masa kwalliya. Yana ta gyaɗa kai, jefi-jefi ya katse ni ya ce, "A bakin hanya fa, akwai mutum? Wancan jaki ne ko amalanke?" Ni kuwa ina ta amsawa, ina jin daɗi.

Waɗanda suke bin hanyar nan sun san ana aikinta wuri-wuri. Inda ake shantiye, wato wurin gyaran, sai a tare gudro, kwaltar ke nan, da gangunan ƙarfe masu fenti ja da fari, a sauke motoci ƙasa su bi debiyasiyo, wata ƙaramar hanya ta jar ƙasa da yashi da ke zagayawa ta daji ta sake hawa gaba. Wani wurin motoci biyu ba sa iya giftawa, shi ya sa ake tsayar da mutum da tuta a baki, ya tsayar da na wannan gefe har na wancan su wuce. Kuma kamiyo mai kaya ba ya son tsayuwa cikin yashi, idan ya tsaya ya kafe, saboda haka direbobi tun daga nesa suke duba tuta, in hanya a buɗe take su shiga da ƙarfinsu ba sassautawa.

Kafin mu kai Maine muka iso irin wannan wuri. Ina ganin mutumin tun daga nesa, a gefen dama, gefena, ya ɗaga jar tuta yana kaɗawa. Ban ce komi ba, don wa zai gaya wa Baba tuta? Sai na ji maimakon ya rage, ya ƙara wuta. Mutumin ya shigo tsakiyar hanya yana kaɗa tutar da hannu biyu, ina ganin bakinsa a buɗe, Baba kuwa fuskarsa lafiya lau, yana kallon gaba. Na kwarma ihu na ce Baba mutum. Ya taka birki, motar ta yi wata irin ƙara tana jan ƙasa, muka kwashe ganga guda, mutumin ya yi tsalle ya faɗa ramin gefe. Can gaba kaɗan ga wata tankar ruwa ta shantiye tana fitowa ta hanyar da za mu shiga.

Mutumin ya fito gwiwarsa tana jini, wandonsa ya yage. Daga Hausarsa na gane ɗan gudun hijira ne, daga baya ma ya ce iyalinsa suna sansanin Sayam. Bai yi zagi ba, da ma ya zaga da ya fi mini sauƙi. Ya riƙe ƙofar motar yana haki ya ce, "Baba, na tsere wa bindiga da 'ya'yana a kafaɗa, sai motar dakon tattasai ce za ta kashe ni?" Baba ya sauka ya ba shi haƙuri, ya ce ƙura ce ta rufe shi. Shugaban leburorin ya san Baba, ya ce a bar magana, direba irin wannan ba ya ganganci. Aka tayar da gangar, muka wuce. Amma ni ina wurin, tankar ta jiƙa hanyar da safen nan, babu ƙura ko kaɗan.

Mun yi nisa kaɗan ya tsaya gindin wata aduwa ya ce za mu yi azahar. Ya aiki aprentinsa, yaron motar da ke bayan mota kan kaya, neman ruwa a wata rijiya, ya zauna a ƙasa. A nan ya gaya mini. Ya ce idonsa ya daɗe yana tsukewa daga gefe, abin da ke gabansa tsaf yana gani, amma dama da hagu duhu ne, kamar mai leƙe ta cikin bututu, kuma bututun kullum ƙara matsewa yake. Ba wanda ya lura, saboda duk mai dakon tattasai idonsa ja ne yana hawaye, in ya yi karo da kujera a gida sai Inna ta ce gajiya ce. Na tambaye shi to yaya yake tuƙi duk wannan lokaci. Ya ce tsohuwar hanya ba da ido yake binta ba, ya san kowane rami da kowace kwana a bayansa da kunnensa, ya san garin da yara ke tsallakawa da inda shanu ke fitowa, tun kafin ya iso ya rage. "Kowa yana murna ana gyaran hanya," in ji shi, "ni kuwa tawa ake binnewa." Debiyasiyo yau tana nan, mako mai zuwa an matsar da ita, mai tuta yau yana dama gobe yana hagu, ba abin da zai haddace. Sai a lokacin na gane abin da ya sa ya ce in riƙa ba shi labarin hanya. Na yi kuka, kuma ban san wanne nake wa kukan ba, idonsa ko wautata.

Da muka koma Damagaram da kaya na gaba na matsa masa har muka je wajen likitan ido, ba da sanin kowa ba. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, maganin ɗigawa zai iya riƙe saura in an dage. Ya tambayi sana'arsa, Baba ya ce ɗan kasuwa ne. Ni na faɗi gaskiya. Likitan ya ajiye biro ya ce ko keke bai kamata ya hau a titi ba.

Tun daga nan duk tafiya da ni ake yi. Na daina kallon raƙuma. Yanzu abin da nake faɗa shi ne tuta ja a dama, ganga a hagu, babur yana shigowa, katafila tana ja da baya, rage, rage, tafi. Muna yi ƙasa-ƙasa kamar masu hira. A tasha sun sa mini suna aprenti mai hijabi, masu shayi suna tsokanar Baba wai ya rasa yaron mota sai 'yar jami'a, shi kuma ya yi dariya ya ce littafi take rubutawa a kan direbobi, ku yi hankali da bakinku. Inna tana faɗa, ta ce budurwa ba ta yawon tasha, mutane sun fara magana, shi kuma ya ce iska nake sha. Idan muka fito daga debiyasiyo lafiya sai in ji wuyana ya sandare, idona yana zafi don ban yarda na ƙifta ba. A gida ko na rufe ido jar tuta nake gani.

Na san wasu za su ce ya riƙa ba aprenti sitiyari a wuraren aiki. Na ba shi wannan shawarar. Aprentin magidanci ne mai permi, wato lasisin tuƙi, ɗan ƙanen Alhaji mai motar, ya daɗe yana jiran kujerar nan, kuma tun da na fara shiga gaba aka mayar da shi baya kan buhuna yana ta atishawa yana harararmu. Baba ya ce ranar da ya miƙa masa mota a bakin shantiye, kafin magariba Alhaji ya ji dalili. Na ce to ya ajiye da kansa, da mutuncinsa, kafin a karɓe. Ya ce ya ajiye ya yi me, gona tana inda ba a zuwa, ƙannena huɗu suna makaranta, shi bai iya zaman ƙofar gida yana kallon masu wucewa ba, in ma yana ganinsu. Ya roƙe ni in bar shi har a gama hanya, wai in an zuba sabon gudro an ja farin layi zai bi layin ya haddace ta kamar ta da. Amma aikin nan ba ƙarewa yake ba, in sun rufe nan sai su buɗe gaba, idon kuma ba ya jiran kowa. A watan nan na lura ko kofin shayi sai ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya kafin ya same shi.

Makon jiya muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. An koma makaranta, ƙawayena suna ta kirana, na gaya masa dole in tafi, kuma ba zan tafi in bar shi ya shiga shantiye shi kaɗai ba, in bai ajiye ba zan je wurin Alhaji. Na tuna masa mai tutar nan da 'ya'yansa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ya ɗauka a duk gidan ni ce zan rufa masa asiri, shi ya sa ya zaɓe ni bai zaɓi wani ba, ya ce in na je ba zai yi mini baki ba, amma in sani na kashe shi da ransa. Ya tashi ya fita, a bakin ƙofa kafaɗarsa ta bugi bango, ya tsaya kaɗan, bai juyo ba.

Na yi tunanin gaya wa Inna, amma tana da hawan jini, kuma ban taɓa ganin ta hana Baba abin da ya yi niyya ba, sai dai in ƙara mata abin da zai hana ta barci. Na yi tunanin in bar karatun shekarar nan in ci gaba da zama a gefensa, to amma ni ma mutum ce, wata rana zan yi atishawa ko in waiwaya, kuma mota mai wannan nauyi ba ta jiran a gama atishawa. Shekaranjiya na je har ƙofar gidan Alhaji, na yi sallama, matarsa ta fito da fara'a tana tambayar Inna, na gaishe ta na ce wucewa nake yi, na dawo. Na yi istihara, na yi kuka a kan sallaya, zuciyata ba ta nuna mini hanyar da babu wanda zai karye a cikinta ba.

Yanzu haka ana loda motar a kasuwar tattasai, jibi da safe za su tashi, kuma direbobin da suka shigo jiya sun ce an buɗe sabon shantiye bayan Maine, wurin da Baba bai taɓa bi ba tun da aka fasa shi. Ɗazu ya tsaya a ƙofar ɗakina, bai shigo ba, ya ce, "Malama, in sa a share miki kujera?" Ya daɗe a tsaye yana jirana sannan ya tafi masallaci.

'Yan'uwa, gobe kaɗai gare ni. In shiga motar in yi shiru, in tafi makaranta in bar shi da Allah da mutanen da ke tsaye bakin hanya, ko in koma gidan Alhaji in faɗi abin da ya kai ni? Direbobin da ke cikin zauren nan, akwai wani aiki a tasha da mutum irin Baba zai yi ba tare da an nuna shi da yatsa ba? Kuma idan a cikinku akwai wanda ya taɓa karɓe makulli daga hannun mahaifinsa, don girman Allah ya gaya mini da wace kalma ya fara, kuma ko uban ya sake kallonsa kamar da.