Taga a Rumbun Baba

Kebbe, ranar Litinin

Zuwa ga Yaya Hinde,

Assalamu alaikum. Ya aikin makaranta, ya su Rauda? Mu nan lafiya lau, ruwa na ta sauka.

Yaya, irin naman kazan da kika kawo mani, wato laimar kwaɗin da ake ci, ya tsiro, amma ba kamar na hoton ba. Kin san Baba ya ara mani tsohon rumbu zuwa girbin gero ne kawai. In abin bai yi ba, sai in bi abokaina su Atu ci-rani Ikko, ni ko ba ni son tafiya. Na cika ledoji da ƙaiƙayin shinkafa, na jera, na liƙe kowace tsaga da laka yadda muke wa hatsi, tunda kin ce duhu shika so. Sai ga su sun fito dogaye sirara kamar tsinken tsire, ba hula.

Amma ji wannan! Leda guda a gefen gabas, inda ɓera ya huda bango, duk 'ya'yanta sun karkata wajen hudar, sun buɗe hula. Na juya ledar. Kwana biyu, sabbin da sunka fito can sunka sake dosa. Yaya, abin ga ido gare shi?

Ƙanenki, Sama'ilu

Tambuwal, ranar Alhamis

Sama'ilu,

Wa alaikumus salam. Na karanta wa 'yan ajina takardarka, har sun yi maka tafi. Laifina ne, rabin bayani na yi maka: duhu na farko ne, kafin farin zaren da irin ke yaɗawa cikin leda ya gama cin ƙaiƙayi. Daga nan haske yake jira.

Ba shi da ido, amma a jikinsa akwai wani sinadari, furotin, mai kama haske, musamman shuɗi. Da ya kama, sai ya tada abin da ke sa shi yin hula. Sai dai kada ka yi saurin murna, ramin ɓera da iska yake shigowa, ita ma suna buƙatarta. Wanne ne ya yi aikin? Gaida Baba da Inna.

Yayarka, Hinde

Kebbe, ranar Laraba

Yaya Hinde,

Bayan gaisuwa, na gwada! Na toshe hudar da farar leda, haske na shiga ba iska: sun karkata. Na sa jar leda: ko kulawa ba su yi ba. Na yanko shuɗiyar ledar Inna, ta yi ta faɗa, amma wallahi kamar an kira su da suna! Iska kuma gaskiyarki, da na buɗe, hular ta fi faɗi.

Ga inda ta tsaya. Huda guda leda guda take ciyarwa, sai an fasa tagogi. Rumbun da anka fasa ko ba ya sake riƙe hatsi, kuma kakanmu ya gina shi. Na faɗa wa Baba, yac ce, “Don laimar kwaɗi za ka kashe mani rumbu?” Na roƙe shi ya leƙa kawai. Ya duƙa ya daɗe yana kallo, ya tashi ya tafi. Gero ya nuna, jibi za a fara yanka. Su Atu sun ce in ɗaure kayana.

Ki sa ni a addu'a.
Sama'ilu

Kebbe, ranar Asabar

Yaya,

Salama. Su Atu sun tafi da safe. Ban samu raka su tasha ba, Baba ya sa ni riƙe mashi tsani. Ya hana ni taɓa gatarin, wai ni ban san inda bangon ya fi ƙwari ba. Taga uku ya fasa. Geron bana rumbun Kawu za shi.

Ya ce har yanzu dai shi ba zai ci laimar kwaɗi ba. A gaida yara.

Sama'ilu