Memorin da Kawu Sale Ya Zare

Yaya Aminu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya zaman Fatakwal? Ya Anti Rabi da yara? Mu nan Dutsin-Ma lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake.

Ka tuna 'yar kwamfutar da ka bar mini, wadda kullum take cika? Na kai wa mai gyara ya sa mata memori, ɗan katin nan na ajiya, ya haɗe shi da ma'ajiyarta ta ciki suka zama abu guda. Wallahi ko da wasa bai ce mini kada a cire ba! Ni kuwa na kwashe karatun Alƙur'ani na marigayi Baba Malam da muka ɗauki muryarsa na zuba a ciki.

Ranar Juma'a Kawu Sale ya zo daga Birchi ina kicin. Ya hango memorin, ya zare abinsa kamar yadda ya saba aron na rediyo, ya kai Kurfi a tura masa wa'azi. Mai turawa ya ce babu komai a kai, ya goge shi tas. Yanzu karatu ko ɗaya ba ya buɗuwa. Da na yi magana, wai Kawu cewa ya yi, "Ke Hadiza, a kan ɗan abin da bai kai farce ba kike ɗaga mini murya?"

Don Allah ka duba tsohuwar wayarka, ko sura ɗaya ce ka turo. Ka gaida kowa, ka kuma sa ni a addu'a. Kullum da hantsi Inna sai ta ce in kunna mata muryar Malam, har yau na kasa gaya mata.

Ƙanwarka,
Hadiza